Wanda Ya Ɗauki Hoton Yaya

Ina tsugune a gaban mai barkono a kasuwar Makarfi, na damƙi busasshen tattasai ina murzawa don in ji ko an yayyafa masa ruwa, sai na ji ƙas a gefen kunnena. Na ɗago. Wani mutum ne tsaye da baƙar kyamara a fuskarsa, ya saita ta a kaina kamar mai shirin harbi. Ni kuwa ko a ɗaurin auren 'ya'yana sai an yi da gaske nake yarda a ɗauke ni hoto, balle a tsakiyar kasuwa, ina tsugune, hula ta karkace.

"Kai, wa ya ba ka izini?" na ce.

Ya sauke kyamarar. Gemu ya yi fari, wuya ya ƙara tsawo saboda rama, amma wushiryar tana nan, haka ma tabon da ke saman girarsa ta hagu, wanda ni da hannuna na wanke da ruwan gishiri ranar da ya faɗo daga keke. Kusan shekara talatin rabona da shi, amma kallo ɗaya na yi masa na gane shi.

"Malam," ya ce, "ashe dai kai ne. Tun daga layin masu albasa nake bin ka, ina cewa ko kai ne ko ba kai ba ne."

"Goge shi."

"Ko gaisawa ba za mu yi ba?"

"Goge shi na ce."

Ya miƙo mini hannu, na ƙi karɓa. Mai barkono ya bar awon da yake yi ya zuba mana ido. Mutumin ya danna abin da zai danna, ya juyo da kyamarar ya nuna mini ya goge. Na miƙe, na kaɗe riga, na bar barkonon da na riga na gama ciniki, na nufi tasha. Na hau motar Ikara na koma gida.

Wanda bai san abin da ya shiga tsakaninmu ba zai ce na yi rashin mutunci. A kwalejin horon malamai muka haɗu a Zariya, ni daga Ikara, shi daga Kudan. Gadonmu ɗaya sama da ƙasa, kwanonmu ɗaya, in garin wannan ya ƙare a koma kan na wancan. Da muka gama aka tura mu firamare guda a wani ƙauye na ƙasar Kudan, muka kama ɗaki a gidan wani tsoho mai saƙar tabarma. Keke ɗaya gare mu, shi ke tuƙawa da safe, ni in tuƙa mu dawo. Mahaifiyata in ta yi daddawa kashi biyu take ƙullawa, ta ce ɗaya na ɗanta na Kudan ne.

A shekararmu ta uku iskar farkon damina ta ɗebe rufin azuzuwa biyu. Bayan dogon jira aka aiko da kwanon rufi bandir-bandir, aka jibge a sito, aka ba ni makulli. Ana nan sai aka aiko cewa jikin mahaifiyata ya tashi. Na damƙa wa abokina makullin, na tafi Ikara na yi kwana huɗu. Da na dawo na tarar da siton wayam. Na tambaye shi a ɗaki, ya ce hedimasta ne ya zo da akori-kura ranar Asabar, ya karɓi makullin, ya ce za a kai kwanon inda ya fi tsaro, shi ma har ya kama musu lodi. Na ce to, hankalina ya kwanta.

Bayan wata biyu kwamitin bincike ya zo, mutum uku, suka zauna a ofishin hedimasta. Hedimasta ya ce shi bai san komai ba, makulli yana hannun wancan, ya nuna ni da baki. Na ce ga wanda na bar wa makullin, a tambaye shi abin da ya gani da idonsa. Aka kira abokina. Ya shigo ya tsaya, hannu a baya kamar ɗalibi. Shugaban kwamitin ya tambaye shi ko ya ga an fitar da kwano. Ya dubi takalminsa ya ce, "Ranka ya daɗe, ni ban ga komai ba." Aka tambaye shi ko na ba shi makulli. Ya ce ba ya tunawa.

An dakatar da ni wata bakwai, daga baya aka mayar da ni aiki, aka jefa ni wani ƙauye da mota ba ta shiga da damina. Wannan duk mai sauƙi ne. Abin da ya ci mini rai shi ne sunan da ya biyo ni har gida. A Ikara aka riƙa ce mini Malam mai kwano, wasu a bayan idona, wasu a gabana da sunan wasa. Mahaifina, wanda kullum bayan la'asar yake zama a majalisar ƙofar masallacin unguwarmu, ya daina zama. Ana sallame salla zai saka takalmi ya dawo gida. Bai taɓa tambayata ko na ɗauka ba, bai kuma taɓa ce mini ya san ban ɗauka ba. A haka ya rasu. Shi kuwa abokin nawa, shekara na zagayowa ya ajiye aiki ya tafi Kurmi. Na ji an ce yana Legas yana akawu a wajen masu lodin manyan motoci. Ko layi ɗaya bai rubuto ba.

Da na dawo daga kasuwa ran nan hannu rabbana, maiɗakina ta tambaye ni barkono. Na gaya mata wanda na gani. Ta san labarin, don ta ji shi ya fi a ƙirga.

"To Malam," ta ce, "ai ka ga ya tsufa, kai ma ka tsufa."

Na ce tsufan nasa bai dawo mini da komai ba. Ta koma kan tsintar shinkafarta.

Bayan kwana uku saƙo ya shigo wayata daga lambar da ban sani ba. Babu sallama, babu rubutu, hoto ne kawai. Na san ko waye. Na yi niyyar toshe lambar, amma kafin in toshe na buɗe. Wani tsoho ne ya yi barci a kan damin rake a bakin titi, baki buɗe, akuya tana gwaguyar ganyen da ke ƙarƙashin ƙafarsa. Kashegari wani ya shigo: tumatir da aka yayyanka aka shanya a fili, ja har iyakar gani, mace guda tana ratsawa ta tsakiya a kan yatsun ƙafa don kada ta taka. Ranar da ta biyo, hannun wani mai gyaran mashin ne, baƙi ƙirin da mai, yana riƙe da ƙwai dafaffe da aka ɓare, fari sol.

Duk rayuwata ina wuce irin waɗannan abubuwa a hanya ban taɓa tsayawa ba. Na so ƙwarai a ce hotunan sun yi muni, in samu abin da zan yi tsaki a kai. Ba su yi ba, wannan kuma ya ƙara mini haushi. Ban amsa masa ba, ban kuma toshe lambar ba. In saƙo ya shigo sai in bari sai maiɗakina ta shiga kicin sannan in duba.

Wana, wanda muke ce wa Yaya, uwa ɗaya uba ɗaya, ya rasu watanni kaɗan kafin haɗuwar kasuwa. Ya girme ni da shekara takwas. Tun yana saurayi ya koma wani ƙauye kusa da Makarfi yana noman rake, yana matsewa yana dafa mazarƙwaila. Mutum ne mai kaurin rai, ba ya yawan magana, ni kuma tun ina yaro nake shakkarsa. Da matarsa ta fita takaba na je duba ta da yara. Muna zaune a tsakar gida ta kawo mini fura, sai ta ce, "Ai abokinka mai hoto ma ya zo shekaranjiya. Allah ya saka masa, bai taɓa yin mako biyu bai leƙo mu ba."

Na ajiye ludayin. "Wane abokina?"

Ta ga fuskata, ta gane ta yi suɓul da baka, amma magana ta riga ta fita. Ta ce ai shekara biyu ke nan mutumin yana zuwa wajen matsar rake, ya wuni tare da Yaya, su ci abinci a kwano ɗaya, yana ta ɗaukarsu hoto shi da ma'aikata. Ranar jana'iza ma yana nan, can baya ya tsaya, ya tafi kafin a dawo daga maƙabarta.

"Shekara biyu? Ba wanda ya gaya mini?"

"Shi ya hana. Ya ce kun san halin ƙanena, ku bar shi tukuna."

Na rasa da wa zan yi fushi, da mai rai ko da mamaci. Ta ce yara suna son hoton ubansu, don abin da ke gidan na katin zaɓe ne kawai, wanda ya fito kamar mutumin da aka kama da laifi. Mai hoton ya ce zai wanko musu. Na ce kada ta sake ta karɓi komai daga hannunsa, ni zan je in karɓo da kaina.

Da safe na hau mota zuwa Kudan, daga tasha ɗan acaɓa ya kai ni. Gidan mahaifinsa ne, na san shi, na sha kwana a ciki. Katangar ta zube ta gefe ɗaya an tare da kwano. Na yi sallama, ya fito da singileti da zani ɗaure a ƙugu. Da ya gan ni bai miƙo hannu ba wannan karon.

"Bismillah, Malam, shigo."

"Ba zama na zo yi ba. Hoton Yaya za ka ba ni."

"Yana ciki. Ai sai ka shigo ka zaɓa."

Ya shimfiɗa tabarma, na ƙi zama. Ya kawo ruwa a kofin silba, na ce ba na jin ƙishi. Ya ajiye a ƙasa tsakaninmu, ya wuce gaba zuwa ɗakin da ke jikin zaure. Ya ɗaura igiyoyi daga bango zuwa bango, ya jera hotuna ya maƙale su da abin shanya kaya. Wasu kuma suna cikin kwalayen taliya a ƙasa. Ya ce a Zariya yake wanko su, kaɗan-kaɗan. Kyamarar a Legas ya saye ta, ta hannu ce, bayan rasuwar matarsa, lokacin da zaman gida ya ishe shi. Ba wanda ya koya masa, kuma ba ya sayarwa. 'Ya'yansa suna can, sun ƙi dawowa, shi kaɗai ya dawo. Ban tambaye shi ko ɗaya daga cikin waɗannan ba, shi ke ta zuba, ni kuma na juya masa baya ina bin igiya.

Na shiga ɗakin da niyyar in ɗauki abu ɗaya in fita, sai ga shi na fi rabin awa. Akwai wani liman yana gyara lasifika a kan tsani, ya cije gefen rigarsa da haƙori. Akwai mata uku a bakin rijiya, biyu suna faɗa, ta ukun tana ɗebe ruwa a layin da ba nata ba. Akwai Bafulatani ya zauna a shagon cajin waya, sanda a kafaɗa, ya zuba wa wayarsa ido kamar mai jinyar mara lafiya. Ba wanda ya tsaya ya gyara riga ko ya ƙame. Na rasa yadda yake yi mutane su manta yana wurin. Daga baya na ce a raina, ai dama ya iya tsayawa a wuri kamar ba ya nan.

A igiya ta ƙarshe na ga Yaya. Yana tsaye gaban babban kaskon da ruwan rake ke tafasa, tururi ya rufe rabin jikinsa, ya ɗaga dogon ludayi yana duban yadda ruwan ke zuba don ya gane ko ya nuna. Ya turo leɓe yadda yake yi in yana auna abu a ransa. Babban yatsansa na hagu, wanda injin matsa ya gutsure tun ina makaranta, ya fito sarai a jikin mariƙin ludayin. Na ji ƙamshin wurin a hancina. Na kusa in ce, "Yaya, sannu da aiki."

Hoton da ke kusa da shi ya fi tayar mini da hankali. Yaya ne zaune a kan tulin ɓawon rake, ya jefa kai baya yana dariya, har ana ganin gurbin haƙoransa na gefe. Ni ban san Yaya da irin wannan dariya ba. In na je wurinsa gaisuwa ce, da tambayar iyali, da maganar taki, sai shiru. Ashe yana da wannan dariyar, kuma wannan mutumin ya yi wa ita.

"Me ka gaya masa da ya yi dariya haka?" na tambaya, ban juyo ba.

"Labarin ranar da muka faɗa kwata da keke, kai da farar rigar sallarka."

A nan ne na juyo. Ban san ina da ƙarfin murya irin wannan ba sai ran nan. Na ce masa ba shi da hurumin ba da labarina a ko'ina. Na ce ya ci daddawar uwata, ya kwana a ɗakin ubana, ya tsaya gaban mutum uku ya ce ba ya tunawa. Na gaya masa wata bakwai da na yi a gida kamar mai takaba, da ƙauyen da aka jefa ni, da sunan da aka laƙaba mini, da yadda tsoho ya daina zama cikin tsararrakinsa. Na ce yanzu kuma ya dawo ya lallaɓa ta bayan gida ya shige jikin ɗan'uwana. Maƙwabciyarsa ta leƙo ta kan katanga, ta koma.

Bai katse ni ba. Da na gama ya zauna a kan wani kwali ya ce, "Duk abin da ka faɗa haka ne."

"Na san haka ne. Dalili nake tambaya."

"Tsoro na ji."

"Tsoron me?"

"Na kama musu lodi, Malam. Hedimasta ya kira ni kafin kwamiti su zo, ya ce in na buɗe baki, zai ce ni da kai muka haɗa baki, ga shaidu sun gan ni a bayan mota. Na ce a raina kai ba ka gari ranar, ba abin da zai kama ka. Ban zaci za ta kai inda ta kai ba."

"Da ta kai fa? Wata bakwai kana ina?"

"Ina nan. Kullum ina cewa gobe."

"Ka rubuto?"

"A'a."

Ya ce ranar da ya fara zuwa wurin Yaya ya gaya masa gaskiya duka. Yaya ya ɗauki sandar rake ya ce ya bar masa wuri. Ya koma, aka sake korarsa. A na uku Yaya ya ƙyale shi ya zauna, amma ya ce masa ba shi ne zai ji wannan magana ba, ya tafi Ikara. Sau biyu yana zuwa Ikara, ya sauka a tasha, ya sha shayi, ya hau mota ya koma.

"Ashe har yanzu tsoron bai sake ka ba," na ce.

"Bai sake ni ba. Ka yafe mini, don Allah."

"Ba wannan ya kawo ni ba. In kana son ka yi wani abu, ka zo ranar Juma'a bayan la'asar, ƙofar masallacin unguwarmu, inda tsoho yake zama. Ka faɗa a gaban mutane."

Na cire hotunan Yaya guda biyu daga igiya da hannuna. Ya kawo ambulan, na karɓa don kada su lanƙwashe, na fita ban yi masa sallama ba. Na gaban kasko na kai wa matar Yaya. Na dariyar na riƙe, ban gaya mata akwai shi ba.

Ban zaci zai zo ba, amma ya zo. Ya sa farar riga da hula, babu kyamara a wuyansa. Bayan an idar da salla mutane suka zauna a kan benci da tabarmi kamar kullum. Na dubi majalisar, sai a lokacin na lura da abin da ban yi tunaninsa ba. Cikin tsararrakin mahaifina mutum biyu suka rage. Ɗaya kunnensa ya tafi, ɗayan kuma ya fara rikicewa, yakan kira ni da sunan Yaya. Sauran duk sa'o'ina ne da na ƙasa da ni, wasunsu ma baƙi ne da aiki ya kawo su gari.

Ya miƙe ya yi sallama, ya faɗi ko shi waye. Ya ba da labarin tun daga iska har zuwa kwamiti, bai rage komai ba, bai kuma gyara kansa ba. Ya ce, "Wannan bawan Allah bai ɗauki ko ƙusa ba. Ni na yi ƙarya."

Tsohon da ba ya ji ya dafa na kusa da shi ya ce, "Me yake sayarwa?" Aka yi masa bayani da ƙarfi a kunne. Ya ce, "Wane kwano?" Wani tela da muka yi firamare tare ya ce, "Au, dama sunan nan daga nan ya samo asali? Wallahi ni na ɗauka kwanon abinci ne, don kana da ci." Aka kwashe da dariya. Liman ya ce masha Allah, wannan abu ya yi kyau, ya yi addu'a Allah ya haɗa kanmu, aka shafa. Kafin in ankara an koma maganar tsadar taki.

Na zauna kamar an watsa mini ruwan sanyi. Shekara talatin ina tsara wannan rana a raina, ina ganin fuskokin da za su sunkuya. Masu fuskokin duk suna maƙabarta. Na raka shi bakin titi, ba don girmamawa ba, sai don ina da sauran magana.

"Ka ga abin da jinkirinka ya yi?" na ce. "Ka kawo gaskiyar lokacin da ba mai bukatarta."

"Na gani."

"Da ka zo tsoho yana da rai."

"Na sani, Malam."

Ya tsayar da mai mashin ya hau. Na koma gida na ƙi cin tuwo, maiɗakina ta ɗauke kwanon.

Mako biyu babu saƙo. Na ce shi ke nan, ya sauke nauyinsa ya kama gabansa. Sai ga hoto ya shigo, wata mata tana tankaɗe a bakin ƙofa, hasken rana ya kama garin da ke tashi. A ƙasa, karo na farko, ya yi rubutu: "Ya ka gani?" Na daɗe ina kallo. Sannan na rubuta masa cewa bokitin roba da ke gefe ya ɓata hoton, ya kamata ya matsa dama. Ya amsa da cewa gaskiya ne. Tun daga nan haka muke. Ya aiko, in nemo aibi in gaya masa. Wani lokaci sai na yi minti goma kafin in samu, wani lokaci ƙirƙira nake yi. Ban taɓa rubuta masa cewa wani ya yi kyau ba.

Da damina ta ja baya ya tambaye ni ko na san inda shanu ke tsallake ruwa da safe, yana son ya ɗauka. Na sani, akwai wani mashigi a rafin da ke wajen Kurmin Kogi, na koyar a wannan yanki shekara shida. Na so in yi masa kwatance kawai, amma na san ba zai gane ba, zai je ya tsaya inda rana za ta dake shi a fuska. Na ce ya same ni a tashar Ikara tun hantsi bai yi ba. Ya ce mu hau mashin ɗaya, na ce kowa ya hau nasa.

Muka isa ciyawa da sauran raɓa. Na gaisa da makiyayan, dattijon cikinsu, wanda 'ya'yansa ɗalibaina ne, ya ce a ɗauka ba komai. Na nuna wa mutumin wani dutse a gefen gabas na ce ya hau can. Ƙafarsa ba ta da ƙarfi yanzu, ciwon suga ya taɓa shi, ya yi yunƙuri biyu ya kasa. Na tsaya ina kallonsa. A na uku na miƙa masa hannu na ja shi sama, na saki da wuri.

Shanun suka gangaro, farare, suka shiga ruwa har ƙirji. Wata karsana ta tsaya a tsakiya ta ƙi gaba ta ƙi baya, makiyayin ya shiga ya rungumi wuyanta yana yi mata magana a kunne da Fulatanci. Na ji ƙas, ƙas, sau biyu kawai. Da ya sauko ya miƙo mini kyamarar, na kare allon da tafin hannu saboda rana. Hoton ya kama goshin makiyayin a jingine da na karsanar, idanunsu duka biyu a rufe, ruwa yana tsagewa ta gefensu.

"Ya ka gani?" ya ce.

"Ka yanke wa ta baya ƙaho."

Ya karɓa ya duba. "Haka ne."

Muka zauna a gindin wata ɗorawa muna jiran masu mashin su dawo. Matar dattijon ta aiko mana da nono a ƙwarya guda da ludayi biyu. Na sha, ya sha. Can ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Malam, maganar nan dai. Ka yafe?"

Na ce, "Allah ya yafe mana baki ɗaya."

Ya yi ɗan murmushi, don ya san ba amsa ba ce, ni ma na sani. Bai sake tambaya ba. Da masu mashin suka iso ya ce mako mai zuwa za a fara yankan rake a gonar Yaya, yaran ne za su yi karo na farko babu ubansu, yana son ya je. Na ce gonar ba tawa ba ce, ba ni zan hana shi ba. Ya tambaya ko zan je. Na ce sai na ga yadda makon ya kama, na hau mashin na ce wa mai tuƙi mu wuce gaba.